Baturen nan mai jan tabarau da ke tsaye kusa da Ɗangote, mawaƙi ne ko ɗan siyasa?

Tambaya: Baba, barka da hutawa. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, muna da ɗan rukunin kiɗa mu huɗu, ni ke riƙe makirufo. Na ci karo da wani tsohon hoto a Facebook, Alhaji Aliko Ɗangote tare da wani Bature mai jan tabarau a sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri. An ce sunansa Bono, wai mawaƙi ne. Wane ne shi, kuma me ya kai mawaƙi can? Sannan tunda ka daɗe a harkar, mene ne ainihin aikin wanda ke gaba a rukunin kiɗa?

Amsa: Barka kadai, ɗana. Hoton da ka gani na watan Agustan 2016 ne, lokacin Kashim Shettima yana gwamnan Borno. Daga Maiduguri suka wuce Abuja suka gana da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo. Baturen kuwa mawaƙi ne na gaske, shi ne muryar rukunin U2 na ƙasar Ailan, tun kafin a haife ka yake cika filayen ƙwallo da 'yan kallo. Na shafe shekaru ina saka waƙoƙinsu a rediyo a nan Jos, na kuma yi aikin haɗa na'urar sauti a bukukuwa da majami'u, don haka tambayoyinka biyu a wurina ɗaya ce. In ka ce in ba ka kalmar Hausa guda da za ta ɗauke mutumin nan gaba ɗaya, zan ce maroƙi ne. Kada ka saurare ta da kunnen zagi. Ina nufin wanda Allah ya ba baiwar tsayawa gaban taro ko gaban mai iko, ya yi ta ƙwanƙwasa zuciyarsa da murya har sai ya motsa, ya aikata abin da bai fito gida da niyyar yi ba. Da wannan baiwar ya hau dandamali, da ita ya shiga ofisoshin shugabanni, kuma ita ce ta sha jawo masa baƙin jini.

Sunansa na yanka Paul David Hewson, an haife shi a Dublin ranar 10 ga Mayun 1960. Mahaifinsa, Bob, ma'aikacin gidan waya ne, ɗan Katolika. Mahaifiyarsa, Iris, 'yar Furotesta ce. Duka Kiristoci ne, amma a Ailan ta wancan zamanin auren irin wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ran Lahadi uban yakan sauke matar da yara biyu a ƙofar cocinta, shi kuma ya tafi tasa sujadar a wani wuri. A arewacin tsibirin, ɓangaren da ke ƙarƙashin Birtaniya, ana ta zubar da jini tsakanin ɓangarorin biyu, kowa da unguwarsa, kowa da makarantarsa. Mu mutanen Jos ba sai an yi mana dogon bayani ba. Duk wanda ya rayu a garin nan bayan 7 ga Satumban 2001 ya san yadda sunan mutum kaɗai ke yanke masa hukuncin titin da zai bi ya koma gida. Yaron da ya tashi da uwa a wannan gefe, uba a wancan, ko dai ya zama mai tsoron kowa, ko ya koyi yi wa kowa magana. Wannan ya ɗauki na biyun.

Yana da shekara 14, a watan Satumban 1974, mahaifiyarsa ta yanke jiki ta faɗi a wurin jana'izar nata mahaifin. Jijiya ce ta fashe mata a ƙwaƙwalwa, bayan 'yan kwanaki ta cika. Gidan ya koma na maza uku, shi da yayansa Norman da uban, kuma kamar yadda ya sha faɗa daga baya, sun daina ambaton sunanta kwata-kwata. Uban mutum ne mai murya, mai son waƙoƙin opera, amma ba mai yabon ɗa ba ne. Ka riƙe wannan a ranka, don ba banza mutum ke neman dubban mutane su amsa masa kowane dare ba. Ruwa ba ya tsami banza.

A 1976 wani yaro ɗan shekara 14 a makarantarsu ta Mount Temple, Larry Mullen, ya liƙa takarda a allon sanarwa cewa yana da ganguna, yana neman abokan kiɗa. Ranar 25 ga Satumba suka haɗu a kicin ɗin gidansu Larry. Bono ya zo a matsayin mai kaɗa jita, aka duba aka ga bai iya ba. Waƙar ma a lokacin ba wani abin a zo a gani ba ce. Amma bakinsa bai rufu ba tunda ya shigo, har Larry yakan yi ba'a cewa rukunin nasa ne na minti goma kacal, kafin Bono ya shigo ya ƙwace. Laƙabin nasa ma abokan unguwa ne suka liƙa masa, daga sunan wani shago mai sayar da na'urar taimakon ji a Dublin, Bonavox, wanda a Latin yake kusa da ma'anar murya mai kyau. Suka fara da suna Feedback, suka koma The Hype, a watan Maris na 1978 suka tsaya a U2, su huɗu: Bono a murya, David Evans da ake kira The Edge a jita, Adam Clayton a jita mai kaurin sauti, Larry a ganguna. A watan ne suka ci gasar matasa a garin Limerick, aka ba su fam 500. Abin dariyar shi ne rashin iyawa ce ta sa suka fara tsara waƙoƙin kansu. Sun gwada maimaita na manya sun kasa. A 1980 kamfanin Island, wanda ya fito da Bob Marley duniya ta san shi, ya ɗauke su.

Nan zan ɗan tsaya, don a nan tambayarka ta biyu take. Kunnen Bahaushe ya saba da wani tsari. Marigayi Mamman Shata shi ne maigida, masu kalangu da 'yan amshi yaransa ne. Sunansa ake kira, shi ake yi wa kyauta, shi ke sallamar kowa gwargwadon yadda ya ga dama. Ɗan Maraya Jos kuwa ya ma sauƙaƙa wa kansa, shi da kuntiginsa sun isa taro. Rukunin kiɗan rok, wato kiɗan Turawa na jita da ganguna irin na U2, ba haka aka gina shi ba, kuma wannan ne yaranmu da yawa ba su gane ba. Wanda ke gaba fuska ce da baki, ba shi ne mai gidan ba. Tun suna yara, bisa shawarar manajansu Paul McGuinness wanda ya riƙe su daga 1978 har 2013, suka yanke cewa duk abin da ya shigo raba daidai za a yi. A bayan faifansu abin da aka saba rubutawa shi ne kiɗa na U2, kalmomi na Bono. Mai ganga ba ya karɓar ƙasa da mai waƙa don kawai kyamara ba ta cika haska shi ba.

Na ga rukunoni sun fi goma a Jos da suka fara da kyau, wasu a coci, wasu a makaranta, wasu a gidajen biki. Kusan duk a wuri ɗaya suke karyewa: ranar da aka yi liƙi mai kauri, mai makirufo ya tattara ya sa a aljihu ya ce ai shi aka yi wa. Akwai daren da na naɗe wayoyina ina kallon mai ganga da mai waƙa suna cacar baki a bayan zauren biki a kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba, kuma daga ranar ban sake ganinsu tare ba. Waɗancan huɗun kuwa sun doshi shekara hamsin ba a canza mutum ɗaya ba. A duniyar rok, inda rukuni kan watse kafin ya cika shekara goma, wannan ya fi duk kyaututtukan Grammy 22 da suka tara ban mamaki.

Yadda yake tsara waƙa ma zai ba ka sha'awa, don ya fi kusa da makaɗanmu na gargajiya fiye da marubutan waƙa. Ba ya zama da biro ya ƙirga baitoci tukuna. Sauran ukun za su yi ta kiɗa a situdiyo, shi kuma ya kama makirufo ya yi ta rera sautuka marasa ma'ana har karin ya zauna, sai daga baya ya nemo kalmomin da suka dace da shi. Sau da yawa kalmomin ne ke zuwa a ƙurarren lokaci, abokan aiki suna ta haushi. A 1981 jakar da ya tara rubuce-rubucensa ta ɓace a garin Portland na Amurka, dole ya shiga ɗaukar faifansu na biyu yana ƙirƙira a tsaye. Jakar ba ta dawo hannunsa ba sai 2004. A wannan tsakanin ne kuma rukunin ya kusa mutuwa saboda addini. Uku daga cikinsu, ban da Adam, suna cikin wata ƙungiyar addu'a mai suna Shalom, aka matsa musu cewa bin Allah da kiɗan rok ba sa zama inuwa ɗaya. Saura ƙiris su ajiye kayan. Wannan gardamar ai ka san ta, ana yin ta a gidajen Musulmi da na Kirista a Jos har gobe. Suka zauna a kiɗan, suka shigo da addinin cikinsa. Shi ya sa in ka saurari waƙoƙinsu da kyau za ka ji rabinsu addu'a ce aka sa wa ganga.

Faifansu na uku, War, na 1983, shi ya fara kai su matsayi na ɗaya a Birtaniya. A cikinsa akwai waƙar da ta tabo ranar 30 ga Janairun 1972, da sojojin Birtaniya suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga a garin Derry, mutum 13 suka mutu nan take. Waƙa irin wannan takobi ce mai kaifi biyu, kowane ɓangare na iya ɗauka ya hura wuta da ita. Sai ya riƙa hawa dandamali da farar tuta, yana faɗa wa taro tun kafin a fara cewa wannan ba waƙar tawaye ba ce. Gwajin gaske ya zo ranar 8 ga Nuwamban 1987. Ƙungiyar IRA, wadda ke ikirarin yaƙi domin 'yan Katolika, ta tayar da bam a garin Enniskillen wajen taron tunawa da mazan jiya, mutum 11 suka mutu a ranar. A daren U2 suna wasa a Denver ta Amurka, ƙasar da wasu 'yan asalin Ailan ke tara wa IRA kuɗi daga nesa. Ya tsayar da waƙar a tsakiya ya la'anci harin, ya kuma caccaki masu zuga yaƙin da ba su zauna cikinsa ba. Zagin ɓangaren da ba naka ba kowa ya iya. Tsayawa gaban mutanenka, waɗanda suka biya kuɗi suka shigo kallonka, ka ce musu namu ne suka yi ɓarna, wannan ne ban cika gani ba, a can ko a nan. Bayan shekara goma da rabi, a watan Mayun 1998, ana saura kwanaki a kaɗa ƙuri'ar amincewa da yarjejeniyar zaman lafiya, ya fito da jagororin ɓangarorin biyu, John Hume da David Trimble, kan dandamali a Belfast, ya kama hannun kowanne ya ɗaga sama.

Amma ranar da duniya ta san shi ita ce 13 ga Yulin 1985. Yunwa ta yi ɓarna a Habasha, mawaƙi Bob Geldof ya haɗa gagarumin wasan tara gudummawa mai suna Live Aid, mutum wajen 72,000 a filin Wembley na Landan, ana kuma nunawa kai tsaye a talabijin a faɗin duniya. Kowane rukuni an yanka masa ɗan lokaci, U2 suka shirya waƙa uku, ta ukun ita ce wadda ta fi tashe a lokacin. Ana cikin ta biyu sai Bono ya hango wata yarinya da cunkoso ya matse a gaba. Ya yi ta yi wa masu tsaro alama, ba su gane ba, sai kawai ya dira daga dandamalin, aka ciro ta, ya rungume ta suka ɗan taka. Sauran ukun ba sa ganinsa daga inda suke. Suka ci gaba da maimaita kiɗa ɗaya ba su san ko ya tafi ba ne, waƙar ta kai wajen minti 12, lokacinsu ya ƙare, ta ukun ba a yi ta ba. Bayan fage suka yi masa ca, shi ma ya tafi gida yana ganin ya kashe rukunin. Da mako ya zagayo sai ga jama'a ba abin da suke zance irin wannan saukowar.

Ni a kaset na bidiyo na kalla daga baya, wanda na saya a babbar kasuwar Taminus tun kafin gobarar 2002 ta cinye ta, kuma na mayar da wurin baya ya fi sau ashirin. Abin da na koya shi ne wannan. Mai jita yana kallon jitarsa, mai ganga yana ƙirga bugu. Wanda ke gaba shi kaɗai ne aikinsa kallon mutane. Tazarar da ke tsakanin dandamali da mutumin da ke can layin ƙarshe, ita aka ɗauke ka ka cike. Amma ka lura da ɗaya rabin labarin: ya iya sauka ne don akwai mutum uku a bayansa da ba su saki kiɗan ba duk da suna jin haushinsa. Da mai ganga ya ajiye sanda a minti na bakwai, da yau labarin wauta ake bayarwa.

Bayan wasan, shi da matarsa Ali, wadda ya sani tun makaranta suka yi aure a 1982, suka tafi Habasha suka yi makonni suna aiki a wani sansanin ciyar da yara. Sauran tarihin kiɗan zan bi shi da sauri. Faifan The Joshua Tree na 1987 ya sayar da sama da kwafi miliyan 25, ya mai da su rukuni mafi girma a duniya. Shekara ɗaya bayan nan masu sharhi suka juya musu baya, suka ce sun cika wa'azi da ɗaukar kai. Suka tafi Balin a watan Oktoban 1990, daidai lokacin haɗewar Jamus, suka kusa rabuwa a situdiyo don an kasa jituwa a kan sabon salo, sannan suka fito da Achtung Baby a 1991 da wani sauti dabam. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza: mai farar tuta ya koma sanye da baƙar fata da ƙaton tabarau yana yi wa kansa ba'a a matsayin tauraro. A 1997 suka yi wasa a Sarayebo bayan yaƙin Bosniya. Rangadinsu na 2009 zuwa 2011 ya tara sama da dala miliyan 700, wanda a lokacin ba a taɓa yi ba.

To, me ya kai shi Maiduguri? A ƙarshen shekarun 1990 ya gano cewa abin da wasan gudummawa ke tarawa ɗigo ne idan aka gwada da abin da ƙasashen Afirka ke biya na bashi kowace shekara. Sai ya shiga gangamin Jubilee 2000 na neman a yafe basussukan. A nan ya bambanta da sauran taurarin da ke ɗaukar hoto da yara su wuce. Ya je ya zauna gaban masanin tattalin arziki Jeffrey Sachs ya koyi lissafin. Sannan ya yi abin da kowane maroƙi ya sani: ba ƙofar wanda ya riga ya ba ka ake zuwa ba, ƙofar mai rowa ake bugawa, kuma da kirarin gidansu ake kiransa. Ya je wurin Fafaroma John Paul na biyu a 1999, har Fafaroman ya karɓi tabaransa ya gwada. Ya je wurin Sanata Jesse Helms na Amurka, ɗan mazan jiya da ya yi suna wajen adawa da tallafin ƙasashen waje, bai yi masa zancen siyasa ba, ayoyin Littafi Mai Tsarki a kan talakawa ya jawo masa. A 2002 ya zagaya Ghana da Afirka ta Kudu da Yuganda da Habasha tare da sakataren baitulmalin Amurka, Paul O'Neill. Abokansa na kiɗa, har da The Edge, ba su ji daɗin ganinsa da mutanen George Bush ba, bai fasa ba.

A 2003 Bush ya sanar da shirin PEPFAR, dala biliyan 15 cikin shekara biyar don yaƙi da cuta mai karya garkuwar jiki, Najeriya na cikin ƙasashen da aka fi mayar da hankali a kansu. Duk wanda ya san layin karɓar magani a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos ya ga inda wani ɓangare na kuɗin ya sauka. Ba Bono ne ya kawo shirin ba, likitoci da masu fafutuka da su kansu masu ɗauke da cutar sun riga shi a fagen, amma yana cikin waɗanda suka tausasa 'yan majalisar da kuɗin ke hannunsu. A 2004 aka kafa ƙungiyar ONE mai yaƙi da talauci da shi a cikin jagororinta, da ita ya zo Borno. A 2005 ƙasashe takwas masu ƙarfin arziki suka amince a yafe bashin kimanin dala biliyan 40 na ƙasashe 18, yawancinsu a Afirka.

Nan sai in gyara wani kuskure da na sha ji a bakin mutane, wai shi ya sa aka yafe wa Najeriya bashi. Najeriya ba ta cikin waɗannan 18 ɗin. Tamu yarjejeniyar dabam ce, da ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris, a watan Oktoban 2005, zamanin Obasanjo, Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi. Cikin kimanin dala biliyan 30 aka yafe 18, muka biya sama da 12 daga kuɗin mai, aka rufe littafin a watan Afrilun 2006. Iskar da gangamin ya kaɗa ta taimaka, amma cinikin 'yan Najeriya ne suka zauna suka yi shi.

Yanzu ɗaya gefen, don ba zan sayar maka da shi a matsayin waliyyi ba. A 2006 Ailan ta sa iyaka ga rangwamen harajin da take yi wa masu fasaha, sai U2 suka kwashe wani sashe na kasuwancinsu zuwa Holan inda harajin ya fi sauƙi. Doka ba ta hana ba. Amma mutumin da ke yawo yana cewa gwamnatoci su ƙara ba da tallafi daga harajin talakawansu, sannan a ga nasa yana neman inuwa, ai laifi tudu ne. Amsar da ya bayar, cewa kasuwanci ne kuma suna biyan haraji mai yawa, ni dai ba ta gamsar da ni ba. Akwai kuma sukar da ta fi wannan nauyi, wadda masana 'yan Afirka irin su Dambisa Moyo ta Zambiya suka yi: ta yaya aka wayi gari mawaƙin Turai ne ke magana da yawun nahiya guda a teburin manya, kuma hoton da yake nunawa na mai miƙa ƙoƙo ne? Wannan sukar tana da gaskiya, shi ma daga baya ya koma yawan zancen kasuwanci da zuba jari da yaƙi da cin hanci, yana kuma tafiya da irin su Ɗangote maimakon ya tsaya shi kaɗai. Sai dai in ka tambayi matar da maganin nan ya raya ta har ta aurar da 'ya'yanta, ba na jin ta damu da launin wanda ya je ya yi roƙon. Ni duka biyun nake riƙe da su, ban ga dalilin sakin ɗaya ba.

Halin nan nasa na ganin kowa na jiran muryarsa ya taɓa kai shi ya baro. A watan Satumban 2014 suka haɗa kai da kamfanin Apple aka zuba sabon faifansu kyauta a asusun iTunes na mutum wajen miliyan 500, ba tare da an tambayi kowa ba. Mutane suka farka suka ga waƙoƙin da ba su nema ba a wayoyinsu, aka yi ta tsine musu, har sai da kamfanin ya fito da hanyar gogewa, shi kuma ya ba da haƙuri. Abin da ya sa shi dira daga dandamali a 1985 shi ne dai ya sa shi kutsawa wayoyin mutane a 2014. Wancan karon an buɗe masa hannu, wannan karon an rufe ƙofa. Tunda kai ke riƙe makirufo, za ka gamu da irin wannan ko a zauren da bai wuce mutum ɗari ba: akwai daren da taro ke son ka matso, akwai daren da suka zo cin abinci ne kawai, kuma babu mai faɗa maka wanne ne wanne sai idonka.

Mahaifin nasa ya rasu a watan Agustan 2001, suna tsakiyar rangadi. Yakan gama wasa ya hau jirgi ya koma Dublin ya kwana a gefen gadonsa a asibiti. 'Ya'yansa huɗu ne da Ali, ɗaya daga ciki, Elijah, shi ma yanzu shi ke gaba a wani rukunin rok mai suna Inhaler. Jiki kuma ya fara karɓar nasa kason. A watan Nuwamban 2014 ya faɗi da keke a New York ya kakkarye, har ya ce da wuya ya sake kaɗa jita, abokansa kuma suka nuna ba su ga asarar da aka yi ba. A ƙarshen 2016, watanni kaɗan bayan hoton nan da ka gani, aka yi masa babbar tiyata a zuciya, bai bayyana ba sai bayan shekaru. Da suka yi wasanni 40 a zauren Sphere na Las Vegas daga 2023 zuwa 2024, Larry, yaron da ya liƙa takardar nan, yana jinyar tiyata, wani ɗan Holan ne ya riƙe masa gangunan kafin ya warke.

Tabarau ɗin kuwa, na san shi ya fara jan idonka. Mu ma shekara da shekaru mun ɗauka yanga ce ta taurari, har a rediyo na taɓa yi masa ba'a a kai. Sai a 2014 ya faɗa a wata hira ta talabijin cewa ya kai shekara ashirin yana fama da hawan jinin ido, haske mai ƙarfi yana cutar da shi.